Tun da sojojin Faransa da Amurka suka bar Nijar, wa ya ci riba, wa ya yi asara?

Mai Sito, Maraɗi

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah a amsa mini da abin da aka gani da ido ko aka sani tabbas. Zafin siyasa muna da shi isasshe a majalisar ƙofar gida.

Ni ɗan kasuwa ne. Ina sayo kaya a Kano, na Singa da na Kwari, su shigo ta Jibiya zuwa sitona a nan Maraɗi, daga nan in rarraba wa abokan ciniki a Tawa da Abalak da Agadas. Motar da ta kai kaya Agadas ba ta dawowa wayam, albasa take lodowa ko dankalin Turawa na lambunan Abzin. Na daɗe a kan wannan hanya, har ya zama a littafin bashi nake gane halin da gari yake ciki tun kafin rediyo ya faɗa.

Kowa ya san yadda abin ya gudana. An yi juyin mulki ranar 26 ga Yulin 2023. Sojojin Faransa wajen 1,500 suka gama tattara nasu ya nasu a watan Disambar wannan shekara, da yawansu ta ƙasa suka bi zuwa Chadi. A watan Maris na 2024 gwamnatin Janar Tiani ta soke yarjejeniyar soja da Amurka, su ma suka bar sansanin Yamai a Yuli, suka bar na Agadas a farkon Agusta. Jamusawa suka rufa musu baya.

To daga nan littafina ya fara canja kama. Akwai wani mai shago a Agadas da a da kowane wata yake ɗaukar katan-katan na madara da sabulu da tumatirin gwangwani, ya biya tsohon bashi kafin ya ɗauki sabo. Yanzu rabin kayan yake ɗauka, kuɗin ma sai na yi ta bugun waya. Da na matsa masa, ya ce masu sayen madara da katan ɗin ne babu: masu gadi da direbobi da magina da suke karɓar albashi a sansanin nan da ofisoshin Turawa. Mijin ƙanwata yana cikinsu. Wanki da guga yake yi a can ƙarƙashin wani ɗan kwangila, albashinsa ya fi na malamin makaranta, kuma wata bai taɓa mutuwa ba a biya shi ba. Da shi yake riƙe da gidansa da na mahaifiyarsa, da shi ya sa 'ya'yansa makarantar kuɗi. Yau kabu-kabu yake yi da babur ɗin da ba nasa ba, ƙanwar tawa kuma tana soya awara a ƙofar gida.

Sai dai ba na so in ruɗi kaina. A daidai wannan lokacin aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, aka ƙaƙaba takunkumi, hanyar Kwatano ta toshe har kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina da rakiyar soja. Naira ta faɗi warwas, lissafin sefa da naira ya dagule mana. Duk sun daki aljihun talaka lokaci guda. Shi ya sa na kasa rarrabewa: nawa ne na tafiyar sojoji, nawa ne na sauran?

Sai batun tsaro. Direbobina in magariba ta riske su a Abalak, nan suke kwana, ba mai lallashin da zai sa su wuce. Amma ko sa'ad da jiragen Amurka marasa matuƙi suke shawagi a saman Agadas, ban san direban da yake son dare a wannan hanya ba. Ni ban zubar da hawaye ranar da suka tafi ba, ƙasa tamu ce. Abin da nake so in sani shi ne: idan baƙon soja ya naɗe tabarmarsa, me ƙasa take rasawa da gaske, a aljihu da kuma wajen tsaro? Akwai inda aka yi haka aka fita lafiya?

Ɗan Abzin, Agadas

Wa alaikumussalam Alhaji. A Agadas aka haife ni, kuma tifa na tuƙa ina kai tsakuwa lokacin da ake gina titin jiragen sansanin, don haka bari in gaya maka yadda kuɗin wurin yake tafiya.

An ce ginin ya ci dalar Amurka miliyan 110. Mai jin haka zai ɗauka an yi ruwan kuɗi a gari. Ba haka aka yi ba. Injinansu nasu ne, injiniyoyinsu nasu ne, yawancin abin da suke ci jirgi ne yake kawo musu. Sojojin ba sa fitowa yawon kasuwa, shekara sai ta zagayo ba ka ga ɗaya yana ciniki a gindin masallacin Juma'a ba. Abin da ya sauka a hannunmu shi ne kuɗin tsakuwa da ruwa da hayar motoci, da albashin masu shara da wanki da leburori da tafintoci. Wani lokaci sukan buɗe wa maƙeran azurfa da dukawa ƙofa su shiga su baje koli, a sayi sarƙa da zobe da jakar fata, ranar nan maƙeri yakan samu abin da ba ya samu a wata guda. Wanda ya rasa wannan ya rasa babban abu, surukinka bai yi maka ƙarya ba. Amma gidajen ƙirgaggu ne in ka auna da yawan mutanen gari.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne waɗanda suka bi sojojin suka tafi. Tawagar Tarayyar Turai mai horar da 'yan sanda da jandarmomi, wato EUCAP, tana da reshe a nan, an sallame ta. Ƙungiyoyin agaji wasu sun rufe, wasu sun rage ma'aikata. Su ne masu kama gida sukutum su biya shekara gaba ɗaya, su ɗauki mai gadi da kuku da direba, su yi hayar mota mai ƙarfi zuwa Iferwan ko Timiya. Ina da gidan haya da wata ƙungiya ta zauna a ciki, da suka tashi ya yi watanni a kulle, daga baya na ba wani ma'aikacin gwamnati a kan kuɗin da bai kai rabin na da ba. Bangon da na ƙara wa tsawo da wayar da na zagaye shi da ita don in cika sharaɗinsu, duk suna nan suna kallona.

Sai dai Alhaji, mu mutanen Agadas wannan ba shi ne karon farko ba. Da da 'yan yawon buɗe ido muke ci, tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 suka kashe wannan. Aka koma jigilar matafiya zuwa Libiya, dokar 2015 ta zo aka kama motoci aka ɗaure direbobi don a faranta wa Turai rai. Zinariyar Jado ta ɓullo a 2014, aka zo aka rufe wurin. Kamfanin Cominak ya rufe ramin yuraniyom ɗinsa a 2021. Duk abin da ya ciyar da garin nan daga waje ake kunna shi, daga waje ake kashe shi.

Kuma ga abin da mai shagonka bai faɗa maka ba. A watan Nuwambar 2023 gwamnati ta soke waccan doka ta 2015, tasha ta sake cika. Ranar Litinin ka zo ka ga ayarin motocin da suke nufar Dirku. Mai sayar da jarkar ruwa da aka naɗe da buhu, da rawani, da tabarau, da safar hannu saboda sanyin dare, da biskit da garin rogo, shi ba ya kukan ciniki. Kuɗin bai bar gari duka ba, unguwa ya canja. Mai shagonka yana unguwar da ma'aikata suke, shi ya sa.

Tsaro kuwa, abin da zan iya shaida shi ne a 2025 an sace mata Turawa biyu a cikin garin nan, ɗaya a Janairu, ɗaya a Afrilu, mutanen da suka daɗe suna zaune tare da mu. Wannan ya girgiza mu, don mun daɗe ba mu ga irinsa a tsakiyar gari ba, kuma ɗan sauran fatan da muke da shi na dawowar baƙi ya bi ruwa.

Tsohon Soja, Kaduna

Alhaji Mai Sito, Allah ya ƙara buɗi. Na yi ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS, a Laberiya ina ƙaramin soja, na yi Darfur kafin in ajiye kaki, don haka na zauna a sansani a ƙasar mutane, na san abin da yake kai soja can. Ba ya zuwa don ya tsare wa ɗan kasuwa hanyar Abalak. Amurka ta zaɓi Agadas ne saboda daga nan jirginta mara matuƙi zai leƙa kudancin Libiya da arewacin Mali da Tafkin Chadi ya dawo bai ƙare mai ba. Idon nasu ne, kuma abin da ya dame su yake kallo. In ya hango abin da ya shafe ku, su ga dama su faɗa muku.

Duk da haka mai masauki yana samun abubuwan da ba a gani a kasuwa. Na farko bayanan sirri: a ce maka babura talatin sun taru a wuri kaza jiya da dare. Na biyu jirgin da zai ɗauke sojan da aka harba ya kai shi asibiti kafin jini ya ƙare. Wanda bai taɓa riƙe abokinsa a bayan mota ana gudu a kan burji ba, ba zai gane darajar wannan ba, kuma sojan da ya san ba mai zuwa ɗaukarsa ba ya faɗa kamar wanda ya san za a zo. Sai horo, sai kayan gyara. Amurka ta ba Nijar jiragen dakon kaya samfurin C-130, to jirgi ba babur ba ne da za ka kai wa bakanike a bakin titi.

Yanzu mu duba me ya faru suna nan. A Disambar 2019 an kashe sojojin Nijar 71 a Inates. Bayan wata guda aka kashe 89 a Chinagodar. Faransa tana nan, Amurka tana nan, jiragensu suna sama. Su kansu Amurkawan an kashe musu sojoji huɗu a Tongo Tongo a 2017. Saboda haka wanda ya ce maka zamansu garkuwa ne, ka tuna masa da waɗannan. Amma wanda ya ce tafiyarsu ba ta rage komai ba, shi ma bai faɗi gaskiya ba. A 2022 kashe-kashe sun yi sauƙi a Nijar, lokacin da ake fita sintiri tare da Faransawa a yankin Tilaberi, gwamnatin Bazoum, shugaban da aka hamɓarar a 2023, kuma tana zawarcin wasu 'yan bindigar su ajiye makami. Rahoton duniya na ta'addanci da ake fitarwa kowace shekara ya nuna waɗanda aka kashe a Nijar a 2024 sun kusa ninka na 2023, sun haura 900. A watan Maris na 2025, cikin azumi, aka kashe mutum 44 a masallacin Fambita ana sallar Juma'a.

Ban ɗora duka a kan janyewar ba. Tun da Faransa ta bar Mali a Agustan 2022, 'yan ƙungiyar ta'adda ta IS suka mamaye yankin Menaka na Mali, wanda yake jingine da Tilaberi da arewacin Tawa. Bayan juyin mulki kuma an kwaso dakaru daga bakin daga aka kawo Yamai saboda barazanar ECOWAS, ga bututun mai da yake buƙatar masu gadi. Soja ɗaya ba ya tsayuwa wuri biyu. An sayi jiragen Turkiyya marasa matuƙi, masu horarwa daga Rasha sun sauka a Afrilun 2024, ƙasashen ƙawancen AES uku, wato Nijar da Mali da Burkina, sun ce za su haɗa rundunar mutum 5,000. Duk da kyau. Amma sayen jirgi shi ne mai sauƙin. Mai zama gaban allo awa goma yana tantance makiyayi da ɗan ta'adda, shekaru ake yi kafin a samar da shi, in kuwa ya yi kuskure ƙauye ne zai yi jana'iza.

Ni abin da ya fi hana ni barci ba tafiyar Bature ba ce, ɓatawar maƙwabta ce. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kilomita 1,500. A Maris na 2025 Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi. A Disambar 2024 Janar Tiani ya fito ya yi magana da Hausa ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro a lokacin, ya musanta. Ana cikin wannan ce-ce-ku-ce 'yan ta'addan Lakurawa suna karɓar zakka da ƙarfin bindiga a Tangaza da Gudu a jihar Sakkwato. Kwamandan da yake Illela ta Najeriya da wanda yake Ƙonni ta Nijar, a bakin iyaka, in suna ɗaga wa juna waya, sun fi mini jirgin Amurka amfani.

Ɗan Yamai

Baba Tsohon Soja, da girmamawa, amma alƙaluman nan da kake kawowa su waye suke rubuta su? Ba mutanen da aka kora ba ne da abokansu? Ni na kwana a shataletalen Escadrille a ƙofar sansanin Faransa a watan Satumbar 2023, da ruwan sama da sauro, mata suna kawo mana abinci. Ba wanda ya biya mu. A Tera, Nuwambar 2021, matasa sun tare ayarin sojan Faransa aka yi harbi, mutum uku suka mutu. Wa aka hukunta? Yarjejeniyar Amurka ta 2012, gwamnati ta faɗa a fili cewa ba a taɓa kai ta gaban majalisa ba. Sojan wata ƙasa ya sauka da jirgi, ba ka san me ya kawo ba, ba ka san me ya ɗauka ba. Fiye da shekara hamsin ana haƙar yuraniyom a Arlit, mu kuma sai Najeriya ta ga dama mu ga wuta. Alhaji yana lissafin katan ɗin madara. Akwai abin da ba a sa shi a sikeli. Ko ciyawa za mu ci, mun gwammace.

Mai Sito, Maraɗi

Ɗana na Yamai, Allah ya yi maka albarka, ban raina kwanan da ka yi a titi ba, kuma maganar Tera ta yi mini ciwo kamar yadda ta yi maka. Amma mutanen Fambita ba Bature ne ya ƙirga su ba, gwamnatinmu ce ta faɗi adadin ta sa aka yi makoki. Ita kuma ciyawar, na lura masu cewa za a ci ta ba su ne suke fara ci ba. Ƙanwata ce take ci. Tambayar abin da aka rasa ba cin amanar ƙasa ba ne. In ba mu ƙirga ba, ta yaya za mu san abin da za mu nema a mayar mana?

Ɗan Abzin, maganarka ta shige ni. Ashe ba madara ce ta daina tafiya ba, ni ne ban bi kuɗin zuwa inda ya koma ba.

Malama, Zariya

Alhaji, ka tambaya ko akwai inda aka yi haka aka fita lafiya. Tarihi nake koyarwa, bari in kawo maka Filifin, don ita ce misalin da ya fi cika.

Amurka tana da manyan sansanoni biyu a can, na jiragen sama a Clark da na ruwa a Subic, dubban 'yan ƙasa suna ci a ƙarƙashinsu. A watan Yunin 1991 dutsen Pinatubo ya yi aman wuta, toka ta binne Clark. A watan Satumba majalisar dattawan ƙasar ta ƙi sabunta yarjejeniyar da ƙuri'a 12 da 11. A Nuwambar 1992 sojan Amurka na ƙarshe ya bar Subic. Garin Olongapo da yake rayuwa da sansanin ya shiga wani hali. Amma kafin a tafi an riga an yi doka da ta mayar da wurin yankin ciniki mara haraji, mutanen gari kuma suka fito aikin sa kai suna gadin gine-gine da yanke ciyawa don kada a wawashe. Tashar jiragen ruwa tana nan, titin jirgi yana nan, wuta da ruwa suna nan, sai kamfanoni suka shigo. Clark yau filin jirgin sama ne na ƙasa da ƙasa. Ba a rasa tabo ba: an bar musu gurɓatacciyar ƙasa da ruwa mai guba a wasu sassa, da 'ya'yan da ubanninsu suka tafi ba waiwaye.

Ta fuskar tsaro kuma labarin bai yi daɗi haka ba. A 1995, shekara uku kacal, China ta kafa gini a wani tsibirin murjani da Filifin take cewa nata ne. A 2014 Filifin ta sa hannu a sabuwar yarjejeniya da ta ba sojan Amurka damar amfani da wasu sansanoninta, a 2023 aka ƙara yawansu zuwa tara. Sun dawo, amma a matsayin baƙi a sansanin masu gida, bisa takardar da aka yi muhawara a kanta har kotun ƙoli.

Jibuti ita kuma kasuwa ta buɗe da abin, ba ɓoye-ɓoye. A yarjejeniyar 2014 Amurka ta amince da biyan dalar Amurka miliyan 63 a shekara kuɗin hayar sansaninta, Faransa tana biya, Japan tana biya, China ta buɗe nata a 2017. Kuɗin yana shiga baitulmali, ko yana isa ga talaka wannan wata magana ce. Mu a Najeriya tun da wuri aka rufe wannan ƙofa: ɗalibai sun yi zanga-zanga a kan yarjejeniyar tsaro da Ingila ta 1960, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta soke ta a Janairun 1962. Shi ya sa a Mayun 2024, da aka ji ƙishin-ƙishin za a kwaso sansanonin da aka kora daga Sahel a kawo nan, su Farfesa Attahiru Jega suka rubuta wa Shugaba Tinubu buɗaɗɗiyar wasiƙa, gwamnati ta fito ta ce babu wannan magana.

Abin da na gani a Nijar shi ne an yi sallamar cikin fushi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Senegal da Kodebuwa su ma sun karɓi sansanonin Faransa a 2025, amma a kan tebur, da jadawali, ba tare da an yanke sauran hulɗa ba. A Nijar tafiyar soja ta haɗu da yankewar tallafi: Tarayyar Turai ta tsayar da kuɗin da take zubawa a kasafi, Amurka ta dakatar da nata, har a Oktoban 2023 gwamnati ta zabge kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin ɗari. Wannan ne ya taɓa malamin makaranta da ɗan kwangilar gwamnati da mai sayen madararka a garuruwan da ba su taɓa ganin sojan Amurka ba. In kana son ka raba littafinka gida biyu, duba Tawa. Babu sansanin Amurka a can. In cinikin Tawa ma ya faɗi, to wannan kason na takunkumi ne da kasafi da canjin kuɗi. Abin da Agadas ta faɗi fiye da Tawa, shi ne na sansani da ƙungiyoyi.

Tambayar da ya kamata mutanen Agadas su riƙa yi wa hukuma ita ce me za a yi da wannan titin jirgi. An gina shi ya ɗauki manyan jiragen dakon kaya, a garin da albasarsa take ruɓewa a kan hanyar Tawa saboda ramuka.

Bahaushen Njamena

Salamu alaikum. Ku ƙara da namu. Gwamnatin Chadi ta sanar da soke yarjejeniyar tsaro da Faransa ranar 28 ga Nuwambar 2024. Aka miƙa sansanin Faya a Disamba, na Abeshe a Janairu, na nan Njamena a ƙarshen Janairun 2025. Sojoji wajen 1,000 ne. Maƙwabcina kuku ne a can shekara da shekaru, yanzu yana gida, irin labarin surukin Alhaji.

Amma mu a nan mun san aikin da sansanin yake yi. A Fabrairun 2019 jiragen yaƙin Faransa ne suka yi ruwan bama-bamai a kan ayarin 'yan tawayen da suka taso daga Libiya za su kifar da Idriss Deby. Fada suke gadi. A Oktoban 2024 kuwa, suna nan daram, Boko Haram ta kashe sojojinmu wajen 40 a Barkaram a yankin tafki. Don haka in ana maganar tsaro a riƙa tambaya, tsaron wa? Mai kujera ya rasa laima. Masunci a bakin tafki bai ga bambanci ba, da can ma ba shi ake yi wa shawagi ba. Ko a Nijar ɗin, da Faransawa da Amurkawa sun haura 2,500 ranar da aka tsare Bazoum a gidansa, bai hana ba.

Mai Sito, Maraɗi

Malama, Allah ya ƙara ilimi. Na buɗe littafin a daren jiya na yi yadda kika ce. Tawa ta faɗi, Abalak ta faɗi, amma Agadas ta fi su faɗuwa nesa ba kusa ba a wajen madara da sabulu mai ƙamshi da atamfa mai tsada, kayan masu albashi ke nan. Shinkafa da taliya da man girki kuwa kusan faɗuwa ɗaya suka yi ko'ina. Wani abin da na tarar da ban zata ba, Tawa ta fara farfaɗowa tun da aka buɗe iyaka a Maris na 2024, masu albashin Agadas su ne har yau shiru.

Yallaɓai Tsohon Soja, maganar Illela da Ƙonni ita ce tawa. Mu da muke tsallaka iyakar nan da kaya mun fi kowa sanin ranar da jami'an ɓangarorin biyu suke gaisawa da ranar da ba sa gaisawa, a yawan shingaye da tsawon layi muke gani.

Ɗan Abzin, zan neme ka a kan jarka da rawanin nan. Zuciyata ba ta kwanta da cinikin ba gaba ɗaya, don na san ba duk wanda ya hau motar Litinin ne yake isa ba, kuma cikinsu akwai 'ya'yan Kance da Matamaye da muka sani. Amma wanda zai tafi zai tafi, gara ya tafi da jarkar da ba ta yoyo. Ka bincika mini wadda suka fi saye, mai lita ashirin ko ƙarama, da nawa ake sayar da ita a bakin tasha, in gwada da farashin Kano in ga ko za ta fitar da kuɗin mota.